Ɗana, Ka Fara Da Malamai

 Labari ya iske ni cewa an danƙa maka shugabancin cibiyar koyar da manya sana'o'i, na kuwa yi murna, sai dai murna ce mai haɗe da tunani, domin na san irin hayaniyar da za ta kewaye ka a makonnin farko. Ɗan kwangila zai zo da takardar farashin kekunan ɗinki, wani zai zo da maganar fenti da allon bakin ƙofa, na sama da kai kuma za su matsa a sa ranar buɗewa domin a ɗauki hoto. Duk wannan ba laifi ba ne. Amma a cikin masu zuwa ofishinka, wanda zai fi kowa jinkirin yin sallama shi ne malamin da ke tsaye a ɗakin aiki tun safe, saboda kunya da gudun kada a ce ya cika ƙorafi, alhali kuwa shi ne makarantar. A kansa nake so mu yi magana, in ka ba ni aron hankalinka.

Ba a haife ka ba lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, mu kuwa da idonmu muka gani. Gwamnati ta yi kyakkyawar niyya, ta ce kowane yaro a ƙaramar sakandare ya taɓa zarto da guduma da wayar lantarki, aka sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa fita daga akwatunan katakon da suka zo ciki ba. Wata makarantar ba lantarki, wata ba ɗakin da za a girke su, amma abin da ya fi cin rai shi ne ba a tanadi isassun malaman da suka san yadda ake tayar da su ba. Gara ta ci akwatunan, tsatsa ta ci ƙarfen, yaran kuma suka ci gaba da zana hoton injin a littafi suna haddace sunayen sassansa. Saboda haka duk sa'ad da aka ajiye maka kasafin kuɗi a kan tebur, ka fara duba layin da ya shafi mutum kafin layin da ya shafi ƙarfe.

Malamai iri biyu za ka tarar, kuma kowanne yana da abin da ya rasa. Akwai wanda ya tashi a shago tun yana ɗan shekara goma, ya yi share-share da aike da wankin kayan aiki kafin maigidansa ya yarda ya miƙa masa sufana. Wannan hannunsa ya san aiki fiye da yadda bakinsa zai iya faɗa. Ka tsaya ka kalle shi wata rana yana koyar da walda: zai rufe fuska, ya ja wutar a kan ƙarfe cikin ƙiftawar ido, layi ya fito sumul, ya ɗago ya ce, "Kun gani ko? Haka ake yi." Ɗaliban su ce sun gani, alhali tartsatsi kawai suka gani. Ba rowa yake yi ba, ɗana. Shi ma haka aka koya masa, da kallo da shekaru, ya manta cewa akwai ranar da bai san tazarar da ake bari tsakanin sandar walda da ƙarfe ba. To amma ɗalibinka ba shi da shekara bakwai da zai zauna yana kallo. Wata shida ko shekara guda ke gare shi, ga iyali na jiran cefane.

Na biyun kuwa ya fito daga kwalejin kimiyya da fasaha da takardarsa mai kyau, ya san dalilin kowane abu, zai cika allo da zane da lissafi har alli ya ƙare. Amma ranar da injin ya ƙi tashi a gaban aji sai ka ga gumi ya keto masa, domin abin da ya sani a takarda bai sauko yatsunsa ba tukuna. Shi ma ba laifinsa ba ne. Wataƙila a makarantar da ya yi, ɗalibai ɗari ke zagaye injin guda.

Abin da na ga yana faruwa a wurare da dama, yana kuma ɓata mini rai, shi ne a bar mutanen nan biyu suna hararar juna. Mai takarda yana kallon ɗan'uwansa a matsayin wanda bai yi boko ba, mai hannu kuma yana jiran ranar da wancan zai kunyata. Kai ne za ka kashe wannan wutar tun ba ta kama ba. Ka haɗa su a aji guda, ɗaya yana yi, ɗaya yana bayani, sa'an nan mako mai zuwa su musanya. Da farko za su yi ta noƙewa, ka yi haƙuri da su. Ka roƙi gwanin ya riƙa yin aikin sau uku: sau ɗaya da saurinsa na kullum domin a ga inda aka dosa, sau ɗaya a hankali yana faɗin abin da hannunsa ke yi da abin da kunnensa ke saurare, sau na uku kuma ya ɗaure hannayensa a baya ya bar ɗalibi ya yi, ko da zai ɓata ƙarfen. Na ukun nan shi ya fi yi wa gwani wuya, domin ransa ba ya jure ganin ana ɓarnar aiki, sai ya fizge ya gyara da kansa. Ranar da ya iya danne wannan, ka sani ya zama malami.

Kuma hanyoyin ƙaro sani suna nan, ba sai an tsallaka teku ba. Akwai kwalejojin horar da malaman fasaha na tarayya a Bichi da Gombe da Potiskum, akwai ta Gusau wadda ta mata ce zalla. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, an gina ta ne domin malami ya yi karatu yana kan aikinsa. Gwanin da ba shi da takarda yana iya zama gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, ko jarabawar NABTEB. Hukumar NBTE kuma, wadda ke Kaduna tun 1977, ta fito da tsarin auna gwanintar mutum a bakin aikinsa a ba shi shaida a kan abin da ya riga ya iya, har masu sana'a na kasuwar Panteka sun shiga ciki. Sai dai dattijo mai shekara hamsin ba zai je neman fom da kansa ba, domin yana tsoron a yi masa dariya a gaban yara. Kai za ka karɓo masa, ka zauna ku cike tare, ka gyara masa jadawali ranar da zai tafi, kada kuma ka yanke masa ko sisi saboda ranar. Takardar nan ba za ta ƙara wa hannunsa komai ba, amma ita ce za ta buɗe masa ƙofar ƙarin girma, ta kuma sa ya daina sunkuyar da kai a taron malamai.

Yanzu bari mu zo kan waɗanda ake koya wa, domin a nan ne malamai da yawa ke tuntuɓe ba su sani ba. Babba ba yaro ba ne. Wanda ke zaune a bencin nan wataƙila direba ne da aikinsa ya tsaya, ko ma'aikacin masaƙa da aka sallama lokacin da masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe, ko mai digiri da ya gaji da yawo da takardu, ko uwar marayu da ta ƙudura sai ta ciyar da ƴaƴanta da guminta. Ka leƙa ajin ɗinki da yamma ka gani: mace ce da goyo a baya, ƙafarta a kan feda, zare ya cukuikuye a ƙarƙashin yadi karo na huɗu, ta ɗaga kai a hankali tana duba ko wata ta lura. Kafin ta zo nan ta yi girki, ta yi wanki, ta nemi izini, ta biya kuɗin adaidaita da abin da ta tara. Idan malama ta daka mata tsawa a gaban ƴan matan da ta haife su, ba za ta ce uffan ba. Za ta naɗe yadinta, ta yi sallama cikin ladabi, ba kuwa za a sake ganinta ba. A rajista sai a rubuta cewa ta daina zuwa, ba wanda zai rubuta dalili.

Saboda haka ka koya wa malamanka abin da ba a cika koyarwa a kwaleji ba: su kira mutum da sunan girmamawa, Malam ko Hajiya ko Baba, su tambayi abin da ya riga ya sani kafin su fara, su gyara kuskure da murya ƙasa-ƙasa a gefen kunne, su kuma tabbata cewa a makon farko kowa ya koma gida da wani abu da hannunsa ya yi, ko da rigar matashi ce ko ɗan maratayin ƙarfe. Babba yana iya jure wahala, abin da ba ya jurewa shi ne ya ji ana ɓata masa lokaci ko ana zubar masa da mutunci. Mu a ƙasar nan ba baƙin wannan aiki ba ne. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, lokacin da irin su Malam Ahmadu Coomassie suka tsaya a kai, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai da Hausa, manya sun zauna a zaure da gindin bishiya sun koyi karatu a hannun waɗanda suka haifa. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, har UNESCO ta yaba mata da lambar girma. Waɗanda suka ɗauki nauyin wannan duka malamai ne masu ɗan alawus da babban haƙuri, mafi yawansu ba wanda ya riƙe sunansu.

Sa'an nan akwai abin da shekaru ke yi wa sana'a. Bakaniken da ya yi suna da gyaran kabireta, yau motar da ake kawo masa sai an sa mata kwamfuta kafin a san inda ke mata ciwo. Mai gyaran firji ya koyi aiki da iskar R12, aka hana ta saboda illar da take yi wa sararin sama, aka koma R134a, yanzu kuma firji da yawa da R600a suke zuwa, ita kuwa tana kama wuta. Wanda bai san haka ba ya kusanto ta da harshen wutar walda yana iya jawo wa kansa da ɗalibansa masifa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu neman a girka musu sola da inbata sun ƙaru, ga kuma maganar mayar da motoci su yi amfani da iskar gas. Tela ma ya ga yadda injin surfani mai kwamfuta ya shigo ya canza kasuwa. Malami kamar wuƙar mahauci yake, kullum tana yanka, in ba a komar da ita kan dutse ana wasawa ba sai ta dakushe, ba don ƙarfenta ba shi da kyau ba. Malamin da ya shekara goma a aji bai koma shago ba, sana'ar shekara goma da suka wuce yake koyarwa, da zuciya ɗaya kuwa, ɗalibinsa kuma sai ya fita kasuwa zai gane an ba shi tsohon kuɗi.

Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 take da hedikwata a Jos, ta daɗe tana tura ɗalibai masana'antu su ga aiki da idonsu. Ni kuwa a ganina malami ya fi ɗalibi bukatar wannan tafiya. Ka nemi manyan gareji da kamfanonin sola da shagunan ɗinki da ke garinku, ka je da ƙafarka ka gaida masu su, ka roƙi su karɓi malaminka na ƴan makonni a lokacin hutu, ya sa rigar aiki ya yi dauɗa kamar kowa. Ka gaya masa tun farko cewa ba don ka raina saninsa ba ne, domin in ba ka faɗa ba haka zuciyarsa za ta raya masa. Idan ya dawo, ka ba shi yamma guda ya nuna wa ƴan'uwansa abin da ya gano.

Wannan ya fi mini bitar otal, wadda ake zama kwana uku a ɗaki mai sanyi ana kallon majigi, a raba jaka da takardar halarta a watse. Ban ce duk bita banza ce ba. Amma na ga inda goron gayyata ya zo domin malaman ɗakin aiki, sai aka tura na ofis da bai taɓa riƙe filaya ba, saboda akwai kuɗin zama a ciki. Malamai ba su ce komai ba, sai dai daga ranar aiki ya yi sanyi. Ɗana, kada ka yi haka. Ka rubuta jerin sunaye a fili, kowa ya san lokacin da layi zai zo kansa, wanda abin ya shafi fanninsa shi zai tafi, ko da ba ya cikin masu gaishe ka da safe.

Maganar kuɗi kuwa ba ta da daɗin faɗa, amma dole ce. Asusun TETFund yana tura malaman jami'o'i da kwalejojin gwamnati ƙaro karatu, sai dai hannunsa ba ya kaiwa ga ƙananan cibiyoyi irin taka, inda da yawa daga cikin malamai na wucin gadi ne, ana biyansu alawus ba fansho ba komai. Ka yi lissafi da kanka: awa uku da gwanin kafinta zai yi a ajinka, da a shagonsa yake da ya haɗa ƙofa ya karɓi kuɗi a hannu. Idan alawus ɗin nan ya yi wata uku bai fito ba, ya fara latti, kada ka yi saurin rubuta masa takardar tuhuma, domin mutumin da ya bar gida ba a ɗora tukunya ba hankalinsa ba ya kan allo. Ka bi haƙƙinsu ofis-ofis kamar naka ne, in an jinkirta ka tara su ka gaya musu gaskiyar inda aka kwana, kada ka ɓuya a bayan sakatare. Kada kuma ka karɓi naka ka yi shiru alhali nasu bai zo ba. Suna gani, ko ba su faɗa ba. Ka tsara musu lokaci yadda ba zai kashe musu shago ba, domin shagon nan shi ke riƙe da kaifin hannunsu, ribarsa kuma ɗalibanka ke ci. Haka nan kayan koyo: yadi da zare da katako da waya da man janareta. Malamin da ke sayen allura daga aljihunsa zai yi na ɗan lokaci don Allah, daga baya ya koma bayani da baki.

Ka riƙa shiga aji, amma ka san yadda za ka shiga. Ka sanar tun jiya, ka zauna a baya, kada ka zo da jan biro da ɗaurarriyar fuska. In ka ga gyara, ka riƙe shi a cikinka har a tashi, ku keɓe ku biyu, ka fara da abin da ya yi daidai, sa'an nan ka ɗauki abu guda tak ka ce, "Malam, da za a gwada kaza, yaya kake gani?" Abu guda mutum ke iya gyarawa a mako; in ka jero masa goma, ba ko ɗaya da zai ɗauka sai ɓacin rai. Malamin da aka muzanta a gaban ɗalibansa ya gama aiki a wannan ajin, ko da ya ci gaba da zuwa. Sabon ɗauka kuma kada ka jefa shi aji ranar da ya zo ka juya baya. Ka haɗa shi da tsohon hannu mai sanyin hali na zango guda, ya ga yadda ake buɗe darasi, yadda ake raba kayan aiki a ƙirga su a mayar, yadda ake lallashin wanda ya karaya. Shi ma tsohon ka sa masa wani ɗan abu a kan wannan ɗawainiya, ko yaya yake, domin aiki ne.

Malamai mata kuwa ka dube su da idon rahama da na adalci duka biyu. Akwai gidajen da ba za su bar mace ta zo koyo ba sai in mace ce ke koyarwa, saboda haka malama guda ƙwararriya tana iya zama dalilin da ya sa unguwa guda ta amince da cibiyarka. Kada a sa taro bayan magariba sa'an nan a ce ba ta da himma, kada kuma a ƙaddara cewa iyakarta ɗinki da girki. In tana son kwamfuta ko gyaran waya ko sola, ka buɗe mata hanya kamar yadda za ka buɗe wa namiji.

Na san abin da ke ranka, domin kowane shugaba yana faɗinsa: idan na horar da shi ya ƙware, wani ya zo ya ɗauke shi fa? Zai faru, ɗana, ba sau ɗaya ba. Wata rana wanda ka fi wahala a kansa zai shigo yana murza hula, ya ce kamfani ya kira shi, ko ya sami abin buɗe nasa wurin. Zuciyarka za ta yi nauyi, wannan halin ɗan Adam ne. Amma kada ka riƙe masa takarda, kada ka ɗaure masa fuska, kada ka yi masa gori da kwas ɗin da ka tura shi. Abin da za ka nema a wurinsa shi ne ya ba ka wa'adi ya kammala zangon da ya fara, ya kuma zauna da wanda zai gaje shi ya miƙa masa aji da kayan aiki dalla-dalla. Ka rubuta masa shaida mai kyau da hannunka, ka tara malamai a yi masa addu'a, in ya buɗe shago ka je ka sa albarka. Kafin ku rabu kuma ka tambaye shi ko zai riƙa karɓar ɗalibanka biyu ko uku duk zango su yi sanin makamar aiki a wurinsa, da kuma ko zai riƙa leƙowa wata Asabar ɗin ya nuna wa malamai sabon abin da ya shigo kasuwa. Da wuya wanda aka sallama da mutunci ya ce a'a.